Daga Jiwa Zuwa Bakin Tafkin Jabi: Wa Za A Shimfiɗa Wa Hanyar?

Jiwa gari ne da ke tashi tun duhu bai yaye ba. Ana sallame Asuba mutane ke fara kwarara bakin titi: birkiloli da kafintoci da leburori, masu gadin da za su karɓi abokan aikinsu na dare, matan da ke shara da wanke-wanke a gidajen Gwarinpa da Jabi da Utako, da ƙananan ma'aikatan gwamnati waɗanda albashinsu ba zai kama musu ko ɗaki ɗaya a cikin birni ba. Wasu su nufi Dei-Dei, kasuwar katako da kayan gini da kara. Wasu kuma su bi ta Gwagwa da Karmo su ɓulla Life Camp, daga nan sai Jabi. Abujar da ake nunawa a talabijin, waɗannan bayin Allah ne ke gina ta, su share ta, su yi gadinta. Amma duk wanda ya dubi hanyar da suke bi ya san ba a yi ta da mai tafiya a ƙasa ko mai keke a zuciya ba. Mai keken da ya yi ƙarfin hali ya hau titin yana tafe ne tsakanin tifa da lambatu: in ya matsa hagu tayar mota, in ya matsa dama rami, ƙura ta rufe masa ido, ɗan acaɓa na danna masa oda a ƙeya.

A ƙarshen wannan hanya ne Tafkin Jabi yake. Ba tafkin Allah da Annabi ba ne, datse ruwan aka yi a farkon shekarun 1980 domin sabon birnin ya samu na sha kafin a kammala madatsar Lower Usuma da ke wajen Ushafa. Da babbar madatsar ta karɓi aikin, sai Jabi ta zama wurin shaƙatawa, aka yi lambu a gefe guda, daga baya a 2015 aka buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a bakin ruwan. Safiyar Asabar wurin cika yake maƙil. Ga masu motsa jiki a sahu-sahu suna bin kiɗan lasifika, ga dattawan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, ga yara a kan dawakin haya, ga masu kwale-kwale. Wannan taron kaɗai ya isa shaida cewa mutanen Abuja na da ƙishin fili. Sai dai in mutum ya ce zai zagaye tafkin ta bakin ruwa, ba zai yi nisa ba katanga za ta tare shi, dole ya koma kan kwalta ya yi gogayya da motoci.

Ra'ayina shi ne a yi hanya ta musamman ta masu keke da masu ƙafa wadda za ta bi bakin tafkin, kuma kada a tsaya a nan, a ja ta yamma har ta taɓa Karmo da Gwagwa da Jiwa. Sashen bakin ruwa shi ne zai yi kyau a hoto, shi ne kuma za a yi saurin samun mai zuba kuɗi a kansa. Amma sashen da ya fi shi amfani shi ne wanda zai fita daga birni. Idan aka yi na farkon aka bar na biyun, an ƙara wa mai mota wurin da zai ajiye motarsa ya sauko da keken wasanni daga bayanta, ba a rage wa ɗan Jiwa ko kwabo daga kuɗin motarsa ba.

Tunanin ma ba baƙo ba ne a Abuja. Bayan Janar Murtala Muhammad ya sanar da sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, kamfanin International Planning Associates ya miƙa taswirar birnin a 1979, kuma a cikinta an ware kwaruruka da bakin rafuka da tsaunuka a matsayin filayen da ba za a yi gini a kansu ba. Masu tsarin sun lura cewa ƙasar Abuja cike take da ƙoramu, suka ga ya dace a bar musu hanyarsu, jama'a kuma su amfana da inuwar. Da an riƙe wannan amana, da yanzu aikin bai wuce zuba jar ƙasa da shimfiɗa ba. Abin da ya faru kowa ya gani: fili bayan fili ya koma fuloti, wasu lambunan da aka bayar don a raya su suka rikiɗe suka zama mashaya da wurin biki. Shi ya sa nake ganin aikin farko a wannan hanya na safiyo ne da na lauya, kafin a kira injiniya. A auna tazara daga bakin ruwa, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta a dokance cewa wannan zirin na jama'a ne, ba a ba da shi haya, ba a katange shi. A Abuja ƙasa duka tana hannun gwamnatin tarayya, ministan Abuja ke rabawa, don haka sa hannun mutum ɗaya ya isa ya tsare bakin tafkin, haka kuma sa hannun mutum ɗaya ya isa ya salwantar da shi. Wanda ya san Kano ya san yadda aka yi ta cike kududdufai ana dasa shaguna da gidajen mai, har aka wayi gari ruwan sama ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Bakin ruwa in ya shiga hannun mai siminti ba ya dawowa.

Inda gine-gine suka riga suka kai bakin ruwa, ba lallai sai an rushe ba. Ana iya zama da masu su a nemi su ja katanga baya da 'yan taku, ko a kafa gadar katako ko ta kankare a kan turaku ta bi gefen ruwan ta wuce su. Yana da tsada, amma gajerun wurare ne. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ce hanya ta bi ta cikin harabar wani, mai gadinsa ya riƙa zaɓen wanda zai wuce da duban takalminsa.

Na kawo zancen rushewa da gangan, domin a Jiwa da Gwagwa kalmar "tsari" ba ta faranta rai. Mutane ba su manta da shekarun 2003 zuwa 2007 ba, lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja, rusau ya ci unguwanni irin su Idu-Karmo, dubban iyalai suka watse suka nemi mafaka a garuruwan gefe. Duk wanda ya ga an zo da jan fenti da abin awo, gabansa faɗuwa yake. Kuma tsoron yana da tushe har a wajen Najeriya. A Adis Ababa an shimfiɗa hanyoyin keke da na ƙafa masu ban sha'awa a 'yan shekarun nan, amma a 2024 an rushe babban sashe na tsohuwar unguwar Piyasa a cikin wannan aikin, aka kwashe mazaunanta zuwa bayan gari. Hanyar keken da za a tashi talaka daga gidansa kafin a yi ta, ban ga alherinta ba. Ga sauƙi ma Allah ya kawo: tun da Nyesom Wike ya zama minista a watan Agustan 2023 ake ta fasa manyan tituna a sassan birnin, har da ɓangaren Life Camp. Duk titin da za a faɗaɗa, an riga an ware masa fili. A cire mita uku ko huɗu daga gefensa tun a kan takarda, a raba shi da kwalta da dakali mai tsayi da layin bishiyoyi. Yin haka lokacin da katafila ke wurin bai kai rabin wahalar dawowa a fasa daga baya ba.

Sai batun da ya fi kowanne tayar da husuma a irin wannan hanya a ko'ina cikin duniya, wato zaman mai keke da mai ƙafa a wuri ɗaya. A baki abin da sauƙi: duka ba su da inji, sai su yi haƙuri da juna. A aikace kuwa mai tattaki yana cin kamar kilomita 5 a awa, mai keken zuwa aiki yana cin 15 zuwa 20, mai keken tsere ya fi haka nesa. Mai ƙafa yana tsayawa ba sanarwa, ya juya ya gaisa, yaronsa ya fizge hannu ya ruga. Mata uku in suna hira, a jere suke tafiya, ba a layi ba, kuma haƙƙinsu ne. Birnin Cikago na Amurka ya sha wannan darasi. Yana da hanya mai tsawon kusan kilomita 29 a bakin Tafkin Mishigan, wadda masu keke da masu gudu da masu yawo suka yi shekaru suna cakuɗuwa a kanta, ana karo ana jin rauni. A ƙarshe sai da aka raba ta biyu, attajiri Ken Griffin ya ba da dala miliyan 12, aka kammala aikin a ƙarshen 2018. Su da suke da kuɗin gyara kuskure ke nan. Mu da ba mu da shi, gara mu raba tun farko.

Ba ko'ina ne ke buƙatar rabawar ba. A inda mutane ba su da yawa, shimfiɗa ɗaya mai faɗin mita 3 ta wadatar, shi ne ma mafi ƙarancin faɗin da masana harkar suka saba bayarwa ga hanyar haɗaka. Amma a wajen lambun Jabi da gaban kanti, inda jama'a ke dafifi, dole a yi biyu. Masu ƙafa su ɗauki gefen ruwa, tunda su ne masu tsayawa kallo. Masu keke su bi ta baya. Kuma kada a dogara da farin fenti a ƙasa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, layin fenti bai hana direba hawa hannun da ba nasa ba a kan babban titi, ba zai hana kowa komai a bakin tafki ba. Abin da ke aiki shi ne abin da ƙafa ke ji: ɗan tudu, ciyawa, jerin shuke-shuke, ko bambancin shimfiɗa. Keke na son kwalta mai santsi. Intalok da muke so a Abuja yana da kyau ga mai ƙafa, yana kuma barin ruwa ya nutse, amma bayan damina biyu in ba a daddaɓe ƙasan da kyau ba sai ya fara tashi yana karkacewa, mai keke ya riƙa jin sa har haƙoransa.

Ruwan sama shi ne babban mai duba aikin ɗan kwangila a wannan gari. Daga Afrilu zuwa Oktoba ake zuba shi, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya, kuma duk abin da ya sauka a tudun da ke kewaye tafkin yake nufa. Hanyar da ta zagaye tafki tana tare wa ruwa gaba ne ta kowace fuska. Idan ba a sa kwalbati a duk inda ƙorama ko magudana ke shiga ba, idan ba a ɗaga shimfiɗar sama da inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba ba, to shekara ɗaya za ta yi ta tsage. Nan ne ma za a gane cewa gyaran bakin tafki ba ya yiwuwa sai an gyara abin da ke shiga cikinsa, domin ledoji da robobin da ake gani suna yawo a gefen ruwan daga magudanun unguwanni suke zuwa. Sai kuma rana. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, hanyar da ba inuwa ba mai bin ta bayan hantsi. A dasa bishiyoyi tun kafin a zuba kwalta, irin waɗanda muka san suna jure wa ƙasarmu, darbejiya da maɗaci da mangwaro, a ba su tazara daga shimfiɗar saboda saiwa. Bishiya ita ce kaɗai abin da ke cikin wannan aiki da ke ƙara daraja kowace shekara, sauran duk tsufa suke.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. Zai ce Malam, mutanen da ke sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, waɗanda ajin 'ya'yansu ya cika ya batse, su ne za ka yi wa zancen hanyar keke? Ruwa da makaranta da asibiti suna gaba, ban musa ba. Amma a tambayi magidanci a Jiwa abin da ya fi cin aljihunsa bayan abinci da haya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. Mai zuwa aiki cikin gari yana biyan acaɓa zuwa bakin titi, ya biya Keke Napep ko tasi, wani lokaci ya sake canza mota, sannan da yamma ya maimaita. Akwai leburan da in ya lissafa, kwanan da bai samu aiki ba bashi ya ci don ya je ya dawo. Keke sau ɗaya ake sayensa. Abin da yake ci bayan nan faci ne da man sarƙa, kuma masu gyaransa suna nan ba su ƙare ba. Ka tsaya wurin mai faci a gindin bishiya ka ga aiki: ya zaro tub, ya hura, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa a hankali har ƙananan kumfa su tona inda ƙaya ta shiga, ya goge wurin da 'yar takardar yashi, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna. Kafin ka gama shan ruwan leda ɗaya an mayar maka da tayarka. Sana'a ce da hanyar keke za ta raya ba tare da an ware mata ko sisi ba.

Ba kowa ne zai iya tuƙa keke daga Jiwa har Jabi kullum ba, akwai nisa, akwai hawa. A nan jirgin ƙasa na cikin birni ya shigo. An ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, kuma layin da ya tashi daga Idu zuwa Gbazango yana da tasha a Gwagwa da Dei-Dei. Matsalar tashoshin tun farko ita ce isa gare su. Gajeriyar hanyar keke da ƙafa daga cikin Jiwa zuwa tasha mafi kusa, da rumfar ajiye kekuna mai mai gadi da tikiti, za ta iya fin kowane sashe na wannan aiki amfani, ga ta kuma mafi araha. Da ni ake shawara, da ita za a fara, kafin a taɓa bakin tafki.

Akwai kuma abin da ke cikin zukata. Iyayenmu sun hau kekunan Rali da Fonis da alfahari, malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duka. A Kano da Zariya da Katsina har yau keke bai ɓace ba. Abuja ce ta koya wa mutane cewa hawansa alamar karayar arziki ce. Lokacin da marigayi Ojo Maduekwe yake ministan sufuri a zamanin Obasanjo, ya yi ta kiran a koma wa keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki, aka yi ta yi masa dariya, ranar da mota ta ture shi ya faɗa rami dariyar ta ƙaru. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya, abin da ya rasa shi ne hanya. Ba a cewa mutane su hau keke a titin da aka yi wa mota mai gudun kilomita 100. Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 take rufe wasu manyan tituna ranar Lahadi ta bar wa masu keke da ƙafa, Kigali ma ta ɗauki irin wannan tun 2016. Abuja na iya gwada haka a titunan da ke kewaye da tafkin da safiyar Asabar, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra kawai, a ƙirga masu zuwa, a ga inda suke cunkushewa, kafin a zana komai.

Wa zai hana 'yan acaɓa hawa? Tun 2006 aka hana su shiga tsakiyar birni, amma a Jiwa da Gwagwa da Karmo su ne ƙafar jama'a, kuma duk ranar da titi ya cushe, shimfiɗa mai santsi a gefe za ta kira su. Turakun ƙarfe a mashiga suna hana mota, amma duk ratar da ta isa keken guragu ya wuce ta isa babur ya wuce, kuma ba za a rufe wa naƙasassu hanya don a kori babur ba. Saboda haka maganin na mutane ne. A zauna da shugabannin ƙungiyarsu tun kafin a fara, a gyara musu wuraren tsayawa a mahaɗa, su kansu su sa hannu a hukuncin wanda ya karya. 'Yan garuwa da kurarsu kuwa, a sashen unguwanni ni ina ganin a bar su su bi, tafiyarsu ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba, kuma sun fi kowa shan wuya a kan kwalta. Masu talla ma kada a ce za a kore su, ba za su koru ba, kuma mai shayi da mai ƙosai da mai lemo su ne idon hanya. Wurin da ke da mai sayar da abu ya fi wurin da ba kowa aminci, musamman ga mace. A yi musu 'yan faffaɗan wurare a gefe kowane 'yan ɗaruruwan mita, don kada tire da benci su hau kan shimfiɗar.

Zancen mata ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Uwar gida a Jiwa da aka ce tana da suga, a ina za ta yi wannan tattakin? A lungun da ruwan kwata ya raba biyu, ko a bakin titin tifofi? Abin da zai fito da ita da maƙwabciyarta bayan La'asar ba wani abu ne mai tsada ba: haske, benci, ban-ɗaki mai tsabta da aka raba na maza da na mata, wurin alwala da ɗan filin salla, da tabbacin cewa ba za a tare ta a ƙofa a ce ta biya ba. Kuɗin shiga, ko naira 200 ne, shi ne ke tace talaka daga wurin jama'a. A nemi kuɗin kula da wurin daga hayar rumfuna da ta kekuna da wurin ajiye motoci. Mai mota ya biya, mai ƙafa ya wuce.

Kula da wurin kuwa shi ne inda ayyukanmu ke mutuwa. A Abujar da ake sace murafen ramukan titi da wayoyin fitilu, har hukuma ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci a farkon 2025, fitilar sola da bencin ƙarfe ba za su kwana lafiya don Allah ya so ba. A yi benci da murafe da kankare, abin da ba ya sayuwa a kilo. A kuma fayyace tun ranar farko wanda zai share, wanda zai canza batir, wanda za a kira in kwalbati ya toshe, domin tsakanin hukumar raya birni ta FCDA da sashen lambuna da hukumar muhalli ta AEPB da ƙaramar hukumar AMAC, abu ne mai sauƙi kowa ya ce na wancan ne. A sashen Jiwa da Gwagwa, a ɗauki matasan unguwa aikin gadi da ban-ruwan bishiyoyi da albashi, ko kaɗan ne, a ƙarƙashin idon masu unguwanni. Fadar Sarkin Jiwa da kansilan mazaɓa da limamai da shugabannin coci su ne ya kamata su fara rubuta wa minista, tun ana zanen titunan yankin, su nemi a nuna musu a kan takarda inda mai ƙafa da mai keke za su bi, da faɗinsa, da inda za su tsallaka.